Kai ɗan wane dipatmen ne?

Ranar Asabar da ta wuce ɗan yayata ya zo gaishe ni, muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai na ga yaron duk jikinsa a sanyaye. Na ce lafiya dai ko? Ya ce "Kawu, ni fa na rasa gidan da zan shiga."

Digirinsa na farko a Hausa ya yi shi, kuma ya fito da sakamako mai kyau. Lokacin bautar ƙasa wani abokinsa ya haɗa shi da aikin nan na yi wa rubutun mutane alama, a ba ka dubban jimlolin da aka kwaso daga soshiyal midiya kana nuna wa kwamfuta wannan yabo ne, wannan zagi ne, wannan kuma ba ruwansa. Da neman na kati ya fara, sai abin ya shiga ransa, ya kama koyon Python, wani yaren ba wa kwamfuta umarni, a YouTube da wata tsohuwar laftof da cajinta ko awa ɗaya ba ya yi. Yanzu so yake ya yi mastas a kan yadda za a koya wa na'ura ta gane Hausa.

Ya je sashen kwamfuta na wata jami'a, aka ce masa ai kai ɗan Arts ne, ko lissafin aji ɗaya ba ka yi ba, sai dai ka fara daga difloma. Ya koma sashen da ya yaye shi, malamin da ya so ya duba masa aiki ya karanta shafi biyu ya ajiye, ya ce wannan ai ba Hausa ba ce, kwamfuta ce, in kana so ka kawo mana wani abu a kan karin magana ko waƙar baka. Yaro ya tashi a biyu babu.

Tun ranar abin yake cina, don ba shi ne na farko da na gani ba. Na ga wadda ta karanci kimiyyar ƙananan halittu tana son haɗawa da lissafin ƙididdiga, na ga ɗan jogirafi da ya kamu da son binciken cututtuka, duk tambaya ɗaya ake tare su da ita a bakin ƙofa: kai ɗan wane dipatmen ne?

Ga inda na tsaya. Duk matashin da tambayarsa ta faɗo a tsakanin fanni biyu, ya bi ta, kada ya sauya tambaya don ta dace da allon da aka kafa a ƙofar ofis. Amma ya tabbatar yana da gida ɗaya, fanni guda da ya iya shi har masu shi suka sallama masa, daga can sai ya riƙa fita yana dawowa. Wanda ya shiga ba shi da gida shi ne ake cinyewa, kuma sau da yawa ba mugunta ce ta cinye shi ba.

"Ai taura biyu ba ta taunuwa"

Wannan ita ce maganar farko da manya ke yi, kuma gaskiya ce, in a baki ɗaya aka zuba su. In ka cinye ɗaya sannan ka ɗauki ta biyu fa?

Mu ma ai ba baƙi ba ne a wannan harka. Ɗalibin zaure sai ya sauke, sannan ya zauna gaban wannan malami ya ɗauki fikihu, in ya ji ya samu ya tashi ya tafi wajen wancan don nahawu, wani har gari yake sauyawa don malami ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan tarihi da mulki har da magani. Muhammadu Al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi aka fi saninsa a waje, alhali karatun addini ne tushensa. Ba wanda ya ce musu sun fita layi. Amma duk cikinsu ba wanda ya tsallake tushe.

A zamaninmu ma ga Farfesa Abdalla Uba Adamu nan, kowa in ana wannan zance shi yake kawowa. Ya zama farfesa a fannin koyar da kimiyya a 1997, ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu a 2012, shi ne kuma ya ƙirƙiri haruffan Hausa masu lanƙwasa na kwamfuta tun lokacin da ba a samunsu. Yara sukan ce "ai Farfesa Abdalla ma ya yi." E, ya yi. Amma ku lissafa, shekara 15 ce tsakanin na farko da na biyu, kuma sai da ya kai ƙarshen tsani a gida ɗaya kafin ya nemi kujera a gida na biyu. Wannan ɓangaren labarin ne ba a son ji.

To me nake nufi da iyawa? Ni ma'aunina mai sauƙi ne: masu fannin za su yarda su ba ka kundin ɗalibinsu ka duba? In amsar a'a ce a duka ɓangarorin biyu, to ba ka haɗa fanni biyu ba tukuna, yawo kake yi a baranda.

Kuma nan zan ɗan kare mutanen kwamfuta da suka kori ɗana. Yadda suka faɗa ne bai yi daɗi ba, amma batun lissafi ba ƙarya suka yi ba. Wanda bai san aljabara da lissafin yiwuwa ba zai iya kwafo kod ya danna ya ga sakamako ya fito, ranar da abin ya lalace kuwa ba zai san daga ina ba. Mun gaji da ganin masu kwas ɗin mako uku da suka rubuta "masanin AI", wato ƙirƙirarriyar basira, a ƙarƙashin hotonsu.

Haka shi ma ɗan kwamfutar da ke ganin tunda da Hausa ya tashi to ya gama sanin Hausa, shi ma a barandar yake. Rubuta "gari" ka tambaye shi wanne ne, na zama ko na tuwo. A baki tsawon wasali ne ya raba su, a rubutu kuwa iri ɗaya ne sak, na'ura ba ta da kunne. Ga ƙafa da kafa, ga ɓari da bari, kuma yawancin masu rubutu a waya ba sa lanƙwasa harafi. Ga saya, saye, sayo, sayar, sayu, tushe ɗaya ma'ana biyar, abin da masana suka tsara a giredi bakwai na aikatau tun shekarun 1960. Ga mu muna rubuta 'ya'ya, 'yan uwanmu na Nijar suna rubuta ƴaƴa. Tun Disambar 2013 Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara, kuma duk wanda ya taɓa zuba masa habaici ko zambo ya san irin abin dariyar da ke fitowa. Gyaran wannan yana buƙatar wanda ya zauna ya karanci harshen, irin ɗan yayata. Shi ne hajar da ba ta da yawa a kasuwar, amma shi gani yake shi ne maroƙi.

"Wa zai ɗauke ka aiki?"

Wannan ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi kamar ina da amsar da za ta rushe ta ba.

Ka ɗauki tallar ɗaukar malamai ta jami'o'inmu ka karanta. Kusan kullum za ka ga ana son digirin farko da mastas da dakta duk a fannin da ya dace, kuma a ɗakin intabiyu ma'anar "da ya dace" ita ce su jeru a layi ɗaya kamar sahun salla. In digirinka na farko Hausa, mastas kwamfuta, dakta kuma wani suna mai tsawo da aka ba ka a Jamus, sashen Hausa zai ce ka bar su, sashen kwamfuta zai ce ba su suka haife ka ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

In ma ka samu ka shiga, ƙarin girma na jiranka a gaba. Daga matakin da ke ƙasa da farfesa zuwa farfesa, takardunka ake tattarawa a tura wa asesa na waje, su kuma asesan nan daga fannin da kake neman kujera ake zaɓo su. Dattijo ne da ya shekara talatin yana nazarin waƙa ko nahawu, an ajiye masa takarda cike da jadawali da alƙaluma, mai sunaye goma sha biyu a samanta. Me kake so ya rubuta? In mai tsoron Allah ne zai ce ba fanninsa ba ne. In ba haka ba ya ba ka maki kaɗan ya wuce.

Ga kuma wani abu da mutanen waje ba su sani ba. A duniyar kwamfuta, takardar da aka karɓa a babban kwanfarans ita ce sarauniya, wani lokacin ta fi ta jona wahalar shiga. A ƙa'idojin ƙarin girma na jami'o'inmu da yawa kuwa takardar kwanfarans makinta bai kai na jona ba, sannan in kun yi tarayya da yawa sai a rage maka. To aikin haɗa fanni kuma ba ya yiwuwa mutum ɗaya. Ka ɗauki NaijaSenti da aka fitar a 2022, tarin rubutun Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Yarabanci da Ibo da Burokan, wanda 'yan arewa ke cikin jagororinsa. Wannan aiki ne na masu tattarawa, da masu alama, da masu kod, da masu duba harshe. Masu bincike a ƙasashe da dama suna amfani da shi, amma in ka bi wasu ƙa'idojin namu, wanda ya zauna shi kaɗai ya rubuta shafi goma a jonar tsangayarsu zai iya fin kowannensu maki. Wallahi abin da ciwo.

Hukumar jami'o'i ta NUC ta fito da sabuwar manhaja a Disambar 2022, ta riƙe kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Ni a ganina a cikin 30 ɗin nan ne ya kamata ɗan Hausa ya samu kwas biyu na kod da ƙididdiga, ɗan kwamfuta kuma ya samu na kimiyyar harshe. Amma ko an yi hakan, wannan maganar ɗalibi ce, ba ta taɓa yadda ake ɗaukar malami ko yi masa ƙarin girma ba. Cibiyoyi ma akwai su, irin Cibiyar Noman Tsandauri ta BUK da aka kafa a 2012, inda masanin ƙasa da masanin tsirrai da masanin tattalin arziki suke zama teburi ɗaya. Sai dai a yawancin irin waɗannan cibiyoyi, malami yana gama aiki dipatmen ɗinsa yake komawa, can fayil ɗinsa yake.

To ya za a yi? Abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni shi ne, bar satifiket ɗinka su jeru a layi, ka saki kundinka ya yi yawo. Sunan da ke jikin takardar shaida shi kwamiti yake karantawa, abin da ke cikin kundi kuwa shi ne kai. Ba wanda zai hana ka yin mastas a kimiyyar harshe kana nazarin jam'in sunaye na Hausa da jimla dubu ɗari da ka tattara da kod ɗinka, in dai tambayar ta masu harshe ce kuma da yarensu ka rubuta gabatarwa. Wani abokina ya ce min wannan ai wayo ne, na ce kira shi kuɗin haya. Kowace shekara ka ajiye takarda ɗaya ko biyu a inda mutanen gidanku suke karantawa, saura ka kai inda ranka yake so.

Sannan a yi hattara da sufabaiza biyu. A takarda abin sha'awa ne, ɗaya daga nan ɗaya daga can. A aikace in ba sa ga maciji da juna kai ne za ka zama ɗan da ya tashi tsakanin kishiyoyi, wannan ya ce cire babi na uku, wancan ya ce babi na ukun shi ne aikin. Kafin ka sa hannu ka tabbatar sun taɓa shan shayi tare, kuma a san waye babba. Ka kuma tambaya tun farko daga wane fanni za a kawo estanal, wato malamin waje mai duba kundi, don shi ne zai yanke maka hukunci ranar kare kundi.

Ba kuma jami'a ce kaɗai mai ɗaukar aiki ba, na san wannan. Masakhane, ƙungiyar masu binciken harsunan Afirka da ta fara a 2019, ba ta tambayar satifiket kafin ka shiga, kuma ta nan mutane da dama suka samu sunansu a takardar bincike ta farko. Amma kada a ruɗi yaro, aikin sa kai ba albashi ba ne.

Me ya sa ma za a sha wannan wahalar

Saboda Zamfara.

A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna suma suna jijjiga, da farko an zaci zazzaɓi ne ko sanƙarau. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tura jini aka auna aka gano gubar dalma ce. Aƙalla yara 400 suka rasu. Daga ina dalmar? Daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida ana niƙawa, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki.

Yanzu ka gaya min, wannan matsalar ta wane dipatmen ce? Likita zai ba da maganin fitar da gubar, amma in yaro ya koma tsakar gidan nan jininsa zai sake cika, dole sai injiniyan muhalli ya kwashe ƙasar saman ya zuba sabuwa, shi ya sa ma a Bagega sai da aka share garin a 2013 kafin magani ya yi amfani. Masanin duwatsu ne zai ce wane rami ne dutsensa ke ɗauke da dalma. Sannan akwai tambayar da ba ta cikin littafin ko ɗaya daga cikinsu: ya za ka ce wa magidanci ya daina sana'ar da ta ninka masa abin da gona ke ba shi, kuma ya za ka shiga cikin gida ka yi magana da matan da ke dakan? Duk waɗannan mutane kowa gwani ne a nasa, amma sai an samu wanda ke jin yaren biyu daga cikinsu kafin aiki ya tafi. Irin wannan mutumin muke kora a bakin ƙofa da tambayar dipatmen.

"Yayi ne kawai, kuɗin Turawa kuke bi"

Akwai ƙamshin gaskiya. Wanda ya daɗe a jami'a ya ga yayi kala-kala, an yi na ƙanjamau, an yi na sauyin yanayi, yanzu kowane firofozal sai an liƙa masa AI ko da a kan kiwon zabbi ne. Masu ba da tallafi suna son kalmar haɗa fannoni, mu kuma mun iya rubuta ta.

Na tambayi ɗana tambaya ɗaya. Na ce in gobe aka daina biyan ko sisi a wannan harkar, har yanzu kana son sanin amsar? Ya yi shiru, sannan ya ce "Kawu, ni abin da ke hana ni barci shi ne yadda za a yi na'ura ta gane an yi gatse." Wai in mace ta rubuta wa kishiyarta "sannu da ƙoƙari", kwamfuta yabo take gani. Dariya na yi, amma a raina na ce to wannan yana da tambaya. Mai bin yayi sunan fanni yake faɗa maka, in ka ce me kake son ganowa sai ya fara kame-kame.

Geoffrey Hinton, masanin AI wanda aka ba kyautar Nobel ta fiziks a 2024, digirinsa na farko a Kambirij a kan halayyar ɗan Adam ne, kuma ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a kan abin da yawancin abokan sana'arsa suke ganin ɓata lokaci ne, sai a 2012 duniya ta juyo. Da a nan ne da tuni an ce ba ya kan layi. Amma ba na son a riƙa ja wa yaranmu irin wannan misali ba tare da an faɗi sauran ba, shi yana da albashi da ɗakin bincike duk tsawon shekarun da ake masa dariya. Ɗan fari a gidan da ƙanne bakwai ke jiransa ba shi da shekara ashirin ta gwaji. Balle mace, wadda ake ƙirga mata shekaru a gida ana ƙirga mata a ofis, in ka ce ta koma difloma ta faro daga ƙasa kamar ka ce ta haƙura ne. Hanyar fita waje ma ta ƙara tsukewa tunda TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malamai karatu ƙetare daga farkon 2025. Don haka wanda ya duba aljihunsa ya zaɓi miƙaƙƙiyar hanya ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan, kuma ba na son jin masu cewa ya ji tsoro.

Laifin da nake gani na wanda ke zaune a kujerar kwamiti ne, da ya san ƙa'idar nan an rubuta ta ne lokacin da mutum ɗaya ke rubuta takarda da biro, kuma yana da ikon ya ce a ƙara asesa ɗaya daga ɗaya fannin, amma ya ja bakinsa ya yi shiru don shi ya riga ya haye.

Shi dai ɗana na ce masa ya koma sashensu, amma kada ya koma wajen wancan malamin, ya nemi wani matashin dakta da ke koyar da ginin jimla, ya kai masa taken da ya fara da kalmar "gatse" maimakon kalmar "kwamfuta". Na kuma haɗa shi da wani maƙwabcinmu malamin lissafi na sakandare, kullum bayan isha'i awa ɗaya, ni zan riƙa biya. Ya ɗan ɓata rai, wai da girmansa ya koma aljabara.

Jiya da dare ya turo min saƙo, daktan ya karɓi taken amma ya ce sai ya kawo misalan gatse 500 na gaske daga bakin mutane kafin ya taɓa laftof. Yana tambaya ko zan roƙar masa mamarsa ta bari ya zauna kusa da su ranar bikin 'yar ƙanwarta da littafi a hannu. Na ce wannan kuma kai da yayata, ni ba na shiga.